Tambaya da Amsa: Shin iskar da ke fita daga bayan iyakwandishan za ta iya ba mu wutar lantarki?

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowar, kuma dukkansu sun shafi akwatin iyakwandishan da ake kafawa a waje, wanda yake hura iska mai ɗumi dare da rana. Ta farko ce ta fi ɗaukar wuri, domin amsarta ce tushen amsar sauran biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a ɗakin kwanana, irin mai akwati biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Duk lokacin da na gifta ta gaban na wajen sai in ji iska tana kaɗa mini riga, sai takaici ya kama ni ganin yadda take tafiya a banza alhali kuɗin wuta yana cin mu. Kwanakin baya ɗana ya nuna mini wani bidiyo a waya, inda wani ya kafa ƙaramar farfela a gaban irin wannan akwatin, ya haɗa ta da dinamo, kwan fitila kuma ya kama. Idan na yi haka da farfela mai girma, zan iya cajin batirin inbata, ko aƙalla in kunna fitilun tsakar gida? Mai gyara ya ce zai haɗa mini idan na sayo kayan. Daga wani malamin makaranta, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Farfelar za ta juya, ƙaramin kwan fitila ma zai iya kamawa kamar yadda ka gani a bidiyon, amma batirin inbata ba zai samu cajin da za a ambata ba, kuma abin da ya fi yiwuwa shi ne kuɗin wutarka ya ƙaru maimakon ya ragu. Ina roƙonka ka dakata da sayen kayan, mu yi lissafin tare tukuna. Tambayarka ta mai lura ce, kuma injiniyoyi masu digiri sun yi ta kafin kai, saboda haka ta cancanci amsa mai hujja.

Mu fara da aikin da wannan iskar take yi. Iyakwandishan kwashe zafi yake yi daga cikin ɗaki ya kai shi waje, kamar yadda ake kwashe ruwan da ya shigo gida da kwarya a zubar a bayan katanga. Gas ɗin da ke yawo a cikin bututun jan ƙarfe yana shanye zafin ɗakin, kwamfireso ya matse shi har ya fi iskar waje zafi, sannan ya bi ta cikin siraran farantan alminiyam da ke kewaye da akwatin waje. Fankar da ke cikin akwatin ita ce take jawo iska ta baya da ta gefe, ta ratsa da ita tsakanin farantan nan domin ta ɗauke zafin, ta tura ta gaba. Iskar da ke kaɗa maka riga, ke nan, ɗan dako ce ɗauke da kaya, kuma duk abin da ya tare mata hanya ya tare wa zafin ɗakinka hanyar fita.

Abu na biyu shi ne asalin ƙarfinta. Injinan iska da aka kafa a Lambar Rimi ta Jihar Katsina, waɗanda aka tsara su ba da megawat 10, suna cin moriyar iskar da Allah yake kaɗawa, wadda babu wanda ya biya sisi a kanta. Iskar bayan iyakwandishan kuwa motar fanka ce, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, take tura ta, motar kuma daga mitarka take sha. Duk wanda ya hau keke mai dinamo a da zai tuna cewa da zarar an kwantar da kan dinamon a jikin taya, fitila ta kama, sai feda ta ƙara nauyi. Hasken daga cinyar mahayi yake fitowa. Wannan ita ce ƙa'idar da masana irin su James Joule a Ingila da Hermann Helmholtz a Jamus suka tabbatar a shekarun 1840, cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa daga babu, sai dai ya sauya daga wata siffa zuwa wata, kuma a kowane sauyi wani kaso yakan zube ya zama zafi. Motar fankar akwatin waje na iyakwandishan irin naka tana cin abin da bai wuce wat 30 zuwa 50 ba. Ko da a ce za a kwato duk abin da ta zuba a cikin iskar, ba za a taɓa samun fiye da abin da ta ci ba, kuma gaskiyar abin da ake samu ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Ga lissafin. Faɗin fankar ya kai kimanin santimita 40, wanda ya ba mu bakin fita mai girman kusan kashi ɗaya cikin takwas na murabba'in mita. Mu ɗauka iskar tana fita da gudun mita 5 a daƙiƙa ɗaya, kuma na yi wa na'urar karamci da wannan adadin. Iska mai ɗumi tana da nauyin kusan kilo 1.1 a kowace mita kubik, saboda haka abin da ke fita a kowace daƙiƙa ya kai kimanin kilo 0.7. Ƙarfin motsin da ke cikin kowane kilo shi ne rabin gudun idan an ninka shi da kansa, wato rabin 25, wanda ya zama 12.5. Idan aka ninka 12.5 da 0.7 za a samu kusan wat 9. Wannan shi ne dukkan ƙarfin motsin da ke cikin iskar da kake ji, tun kafin a sa mata wata farfela a gaba. Jikin mutum yana da saurin jin iska, shi ya sa wat 9 yake yi mana kamar abu mai yawa.

Daga cikin wat 9 ɗin ma ba duka ake iya kamawa ba. Wajen shekarar 1920 wani masanin Jamus mai suna Albert Betz ya nuna cewa babu farfelar da za ta iya kwace fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ke ratsa ta a fili, dalili kuwa shi ne dole a bar wa iskar ragowar gudun da za ta wuce da shi ta ba ta baya wuri. Manyan injinan iska na zamani, waɗanda aka kashe wa maƙudan kuɗi wajen tsara fikafikansu, sukan kai kashi 40 zuwa 50. Ƙaramar farfelar da mai gyara zai haɗa da dinamo, a cikin iskar da ke fitowa tana murɗawa saboda juyawar fanka, idan ta kama kashi ɗaya cikin uku ta yi ƙoƙari ƙwarai. Muna maganar wat 2 zuwa 3 ke nan. Kuma girman farfela ba zai taimaka ba, domin iskar daga baki mai faɗin santimita 40 take fitowa, duk fiffiken da ya zarce wannan faɗin nauyi ne kawai.

Idan na'urar ta yi aiki awa 8 kowane dare ba tare da tsayawa ba, wat 3 zai tara maka wat-awa 24, wato kwatankwacin cajin wayar hannu ɗaya da ɗan ragowa. A wata guda bai cika yunit ɗaya ba, kashi bakwai cikin goma na yunit ne. A farashin naira 225 da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta sa wa masu amfani da wuta na rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan wutar ba ta wuce ta naira 160 da 'yan kai ba a wata. Ka auna wannan da kuɗin farfela, da dinamo, da waya, da na'urar daidaita caji, da ladan mai gyara. Ka kuma tuna cewa na ɗauka fankar tana gudu da cikakken ƙarfinta dukan dare. Iyakwandishan na gargajiya yana kashe akwatin waje duk lokacin da ɗaki ya yi sanyi, na zamani da ake kira mai inbata kuma sau da yawa yana rage gudun fankar, kuma idan gudun iska ya ragu da rabi, ƙarfinta yana komawa kashi ɗaya cikin takwas.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, amma babu cutarwa. Abin da ya sa na roƙe ka ka dakata shi ne ɗaya ɓangaren lissafin, wanda masu bidiyo ba sa nunawa.

Iyakwandishan mai doki ɗaya da rabi yana cin kimanin wat 1,100, kuma kusan duka kwamfireso ne yake cinyewa. Da wannan yake kwaso zafin da ya kai kimanin wat 3,500 daga ɗaki, ya haɗa da zafin aikinsa, ya zubar da kusan wat 4,600 a waje. Kilo 0.7 na iskar da ke ratsawa kowace daƙiƙa ita ce take ɗaukar wannan kayan duka, shi ya sa take fitowa da ƙarin zafi na digiri 6 zuwa 7 a kan yadda ta shiga. Farfela ba ta samun ƙarfi sai ta hanyar rage wa iska gudu, kuma idan tana daf da bakin akwatin, wannan turjiyar tana komawa baya har kan fanka. Irin wannan fankar an ƙera ta ne don tura iska mai yawa a buɗaɗɗen wuri, ba ta da juriyar turjiya, ƙaramin shinge ma yana rage abin da take turawa. Idan iskar ta ragu da kashi goma cikin ɗari, dole ragowar ta ɗauki kayan da ya fi na da, ta ƙara zafi, gas ɗin cikin bututu shi ma ya ƙara zafi da matsi kafin ya iya sauke nasa. Masu aikin sanyi suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi, cewa kowane ƙarin digiri ɗaya a zafin da gas yake komawa ruwa a akwatin waje yana ƙara wa kwamfireso cin wuta da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Mu ɗauki mafi sauƙin hali, ƙarin rabin digiri kawai, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Kashi ɗaya na wat 1,100 shi ne wat 11. Ka samu wat 3 a gaba, ka biya wat 11 a baya, sanyin ɗakin kuma ya ɗan ragu, wanda zai sa na'urar ta daɗe tana aiki kafin ta huta. Garin neman gira a rasa ido ke nan. A tsakiyar bazara, lokacin da zafin Gusau ko Sakkwato yake haura digiri 40, kwamfireso yana aiki ne kusa da iyakar juriyarsa, kuma duk abin da ya ƙara masa matsi yana rage masa kwana.

Adalci ne in faɗi inda tunaninka yake da gaskiya. Gudun da iskar take fita da shi asara ce ta haƙiƙa, domin da zarar ta bar akwatin ta gama aikinta, ragowar gudunta yana bajewa ne a sarari. Idan aka ja farfelar baya sosai har ta daina taɓa aikin fanka, abin da ta kama riba ce, ba ta saɓa wa kowace ƙa'ida ba. Matsalar ita ce a wannan nisan iskar ta riga ta baje ta gauraya da ta gari, gudunta ya faɗi, abin da ya rage bai kai wat ɗaya ba. Kusa akwai ƙarfi kaɗan da cutarwa mai yawa, nesa babu cutarwa kuma babu ƙarfi. Masu bincike a Jami'ar Malaya da ke Kuwala Lumfur sun gwada kafa injinan iska a saman manyan hasumiyoyin sanyaya ruwa na masana'antu da dogayen gine-gine, inda fanka ɗaya take da faɗin mitoci kuma take cin kilowat masu yawa ba dare ba rana. A irin wannan girman akwai abin da za a tattauna, kuma ko a can aikin yana buƙatar auna wurin kafawa da kyau. A ma'adanan ƙarƙashin ƙasa kuwa, inda manyan fankoki suke zuƙo gurɓatacciyar iska, injiniyoyi sun daɗe da samun hanya mafi sauƙi: suna yi wa bakin fitar wani bututu mai buɗewa sannu a hankali kamar bakin kakaki, wanda yake rage gudun iskar kafin ta fita, ya sauƙaƙa wa fankar aiki, ta ci wuta kaɗan. Hana asarar tun daga tushe ya fi bin ta a baya da farfela.

Game da bidiyon da ɗanka ya nuna maka, ba lallai ne a ce ƙarya aka yi ba. Ƙaramin kwan LED guda ɗaya yana kamawa da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wat ba, saboda haka haskensa ba ya nuna yawan wutar da aka samu. Haka kuma idan aka nuna mita tana karanta bolt 12, wannan awon matsin wutar ne a lokacin da ba a ɗora mata kaya ba. Da zarar an haɗa batir ko babban kwan fitila, farfelar za ta yi nauyi, gudunta ya faɗi, bolt ɗin ya zube. Abin da ya kamata a nuna shi ne wat nawa ke fita daga dinamo, da wat nawa iyakwandishan yake ci kafin a kafa farfelar da bayan an kafa ta.

Idan fitilun tsakar gida kake so, ƙaramin farantin sola mai wat 10 zai tara maka wat-awa 40 ko fiye a rana ɗaya a irin ranar da muke da ita a arewa, kusan ninki biyu na abin da farfelar za ta bayar a mafi kyawun hali, ba tare da ya taɓa na'urarka ba. Idan kuma rage kuɗin wuta kake nema, wurin nemansa shi ne wat 1,100 ɗin nan. Ƙurar hunturu tana toshe tsakanin farantan akwatin waje kamar yadda farfelar za ta toshe gabansa, saboda haka a kashe wuta daga soket a wanke su da ruwa mara ƙarfi kafin shigowar bazara, a kuma riƙa wanke rariyar akwatin ciki duk bayan mako biyu zuwa huɗu. A toshe ƙasan ƙofa da gefen tagogi, a sa labule mai kauri a tagar da rana take duka. Sannan a daina sa na'urar a kan digiri 16. A Indiya hukumar kula da tsimin makamashi ta wajabta tun daga Janairun 2020 cewa sababbin iyakwandishan su zo a saite a kan digiri 24, kuma ƙiyasinta shi ne kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage cin wuta da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Kashi 6 na na'urarka ya haura wat 60, ninki ashirin na abin da farfelar za ta kawo, kuma danna maɓalli ɗaya ne. Idan ka haɗa da fankar sama, digiri 25 ko 26 zai ishe ka barci mai daɗi.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a sashen lantarki, ina shekarar ƙarshe, kuma ina neman aikin kammala karatu. Na fahimci cewa gudun iskar akwatin waje ba shi da yawa, amma zafin da ke cikinta fa? Na karanta cewa akwai wasu ƙananan faranti da ke ba da wuta idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. Shin zan iya jera su a gaban akwatin in samu wuta? Daga wani ɗalibi, Kaduna.

AMSA: Ƙanena, ka kai hannu inda dukiyar take, domin zafin da ke cikin iskar, wat 4,600, ya ninka ƙarfin gudunta sau ɗari biyar. Farantan da kake nufi suna aiki ne da abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821, cewa bambancin zafi tsakanin mahaɗar ƙarafa biyu yana haifar da wutar lantarki. Sai dai yawan zafi daban, darajarsa daban. Abin da ke ba zafi daraja wajen samar da wuta shi ne tazarar da ke tsakaninsa da abin da ke kewaye da shi, kamar yadda ruwa ba ya juya injin sai ya gangaro daga tudu. Kogi mai faɗi da ke kwance a fili ba ya yin aikin da ƙaramin ruwan da ya faɗo daga saman dutse yake yi.

Sadi Carnot na Faransa ya kafa iyakar wannan tun 1824. A yau muna lissafa ta da raba tazarar zafin da cikakken zafin gefen da ya fi zafi a ma'aunin Kelbin. Idan iskar gari tana digiri 40, ta bakin akwatin kuma tana 47, tazarar 7 ce, cikakken zafin kuma 320, wato 47 da ƙarin 273 da ake yi don mayar da shi Kelbin, sakamakon ya zama kashi 2 da ɗoriya cikin ɗari. Ko da injin da ba shi da aibi ko ɗaya, wanda babu shi a duniya, ba za ka wuce wat 100 ba. Farantan da ake sayarwa suna kama kusan kashi ɗaya cikin shida ne kawai na wannan iyakar, wato ƙasa da wat 20, kuma wannan ma sai idan ka tilasta wa dukan zafin ya bi ta cikinsu. Hakan yana nufin faranti masu ɗimbin yawa, da ƙarafan shanye zafi a gefe ɗaya, da wata fankar da za ta sanyaya ɗaya gefen, wadda ita kaɗai za ta cinye abin da aka samu. Kuma duk wannan ginin zai tsaya ne a kan hanyar iskar, ya jawo asarar da na yi wa malamin Gusau bayani.

Akwai inda zafin yake da daraja, kuma shi nake so ka duba. Gas ɗin da ke fitowa daga bakin kwamfireso, kafin ya shiga farantan alminiyam, yakan kai digiri 70 zuwa 90. Idan aka ratsa wannan ɗan gajeren bututun ta cikin na'urar musayar zafi mai ruwa, ana iya kwashe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na zafin da ake zubarwa a dafa ruwa da shi. A na'ura mai doki ɗaya da rabi wannan ya kai wat 600 ko kusa da haka. Ɗaga zafin lita 100 na ruwa daga digiri 25 zuwa 50 yana buƙatar kusan yunit 3 na wuta idan da hita za a yi, wannan hanyar kuwa za ta yi shi a cikin kamar awa 5, kuma tana rage wa akwatin waje kaya maimakon ta ƙara masa. Ka kwatanta yunit 3 a rana da farfelar da ba ta cika yunit ɗaya a wata. A gidajenmu amfaninsa yana da iyaka, saboda lokacin da ake kunna iyakwandishan ba shi ne lokacin da ake neman ruwan zafi na wanka ba, amma otal, da asibiti, da gidan abinci, da wurin wanki da guga suna buƙatar sanyi da ruwan zafi a lokaci guda duk shekara.

Ina jan kunnenka a kan abu ɗaya. Wannan aikin yana buƙatar yanke bututun gas, matsin da ke ciki yana da haɗari, gas ɗin R32 da ke cikin sababbin na'urori da yawa yana iya kamawa da wuta, R290 kuma ya fi shi saurin kamawa. Kada ka taɓa shi sai tare da ƙwararren mai aikin sanyi da izinin malaminka, kuma a kan na'urar gwaji, domin yanke bututu yana soke garantin kamfani. Idan hakan ya fi ƙarfin aljihunka, to auna tasirin farfelar da kansa aiki ne mai daraja: ka kafa ta a nisan santimita 10, da 30, da 60, da mita ɗaya, a kowane wuri ka rubuta gudun iska, da wat ɗin da dinamo ya bayar, da wat ɗin da na'urar ta ci, da zafin iskar gari a lokacin. Ka maimaita awon sau da yawa a lokaci ɗaya na yini, domin sauyin zafin rana kaɗai yana iya ɓoye bambancin kashi ɗaya cikin ɗari. Sakamakon da ya nuna cewa dabara ba ta biya ba, idan an auna shi da gaskiya, ilimi ne da zai hana wasu asarar kuɗinsu.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni nakan shanya kayan yara a gaban akwatin waje saboda suna saurin bushewa, musamman da damina. Maigida ya ce in daina, wai zan lalata na'urar. Kuma mun sa an yi wa akwatin keji na ƙarfe da rufin kwano saboda ɓarayi da rana. Wanne ne daidai? Daga wata uwargida, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ke da maigida kowa yana da rabon gaskiya. A cikin duk dabarun cin moriyar wannan iskar, taki ce ta fi dacewa da yanayinta, domin iska mai ɗumi mai motsi ita ce ainihin abin da shanya take so, kuma ba sai an sauya ta zuwa wani abu ba. Sharaɗin shi ne nisa. Littattafan da ke zuwa da waɗannan na'urori galibi suna neman a bar kimanin santimita 30 a bayan akwatin, a gaba kuma wasu har mita 2 suke nema. Ki ɗaura igiyar shanyar a nisan mita biyu, ki rataya ƙananan kaya da tazara a tsakaninsu, kada ki shimfiɗa zanin gado ko bargo ya zama labule a gabansa, kuma kada a ɗora komai a kan akwatin ko a bayansa inda yake shaƙar iska.

Kejin ya fi shanyar buƙatar dubawa. Idan sandunan ƙarfe ne masu tazara, babu laifi. Idan kuwa an rufe gaba ko gefe da kwano ko da raga mai ƙananan idanu, ko rufin ya sauko daf da saman akwatin, iskar da ta fita da zafi za ta riƙa juyowa tana sake shiga ta baya, na'urar ta riƙa shaƙar abin da ta fitar. Gwajin yana da sauƙi: da tsakar rana, bayan na'urar ta yi rabin awa tana aiki, ki sa hannu a bayan akwatin ba tare da kin taɓa farantan ba. Idan iskar wurin ta fi ta tsakar gida zafi a fili, a kira mai walda ya ɗaga rufin sama, ya cire duk kwanon da ke gaba da gefe, ya bar sandunan kawai.